Madubin Duba Bajo Mai Fitila Biyu: Gilashin Ya Yi, Fitilar UV Ce Da Saura

Ɗan ƙaramin madubin ƙara girma ne, irin wanda masu cinikin zinariya ke kangawa a ido, sai dai shi an kewaye gilashinsa da fararen fitilu, an kuma ƙara masa ƙwaya ɗaya ta hasken UV, wato ultraviolet, hasken nan da ke gaba da shunayya wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Ana naɗe shi ya shige gidansa na ƙarfe, kuma tsawonsa bai wuce babban yatsa ba. Na saye shi a wani shagon intanet da ke sayar wa masu tara kakin soja da bajon 'yan sanda kayan aiki. Tallar ta ce da shi kaɗai mutum zai raba na asali da jabu. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma abin da zai iya jefa sabon shiga cikin asara.

Gilashin dai ba ni da ta cewa a kansa sai yabo. Sau 10 yake ƙara girman abu, kuma gilasai uku ne aka manne wuri ɗaya. Amfanin haka shi ne layi ba ya lanƙwashewa idan ya kai bakin gilashin, kuma babu wannan bakan gizon da ke bin gefen ƙarfe mai ƙyalli a madubai masu gilashi ɗaya. Kana kawo bajo kamar santimita 2 da rabi daga gilashin, komai zai fito tarwai. Akwai waɗanda ake rubuta wa sau 30 ko sau 60 a jiki, ni dai ba na kai hannu gare su. Ko da adadin gaskiya ne, abin da za ka gani a lokaci guda bai fi harafi ɗaya ba, kuma numfashinka kaɗai ya isa ya ɓatar maka da wurin.

Inda ya fi yi mini aiki shi ne bayan bajo. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san gaba ado ne, labarin yana baya. Ku ɗauki bajon hular sojan Birtaniya na tagulla, irin na ƙananan sojoji. Yawancinsu bugun inji ne: a sa siririn farantin ƙarfe tsakanin hatimi biyu a danna da ƙarfi, saboda haka duk abin da ke gaba za ka gan shi a baya a lotse, har da ɗigon da ke jikin kambi da jijiyoyin ganye. Na sa madubin a kan wani irin wannan da nake da shi, sai ga haruffan sunan runduna sun fito ta baya da kaifinsu, bakin ƙarfen kuma a yanke tsaf. A lungunan rubutun akwai busasshen farin maganin goge ƙarfe da ya maƙale shekara da shekaru, saman kambin kuwa ya suɗe saboda guga. Wani soja ya zauna ya goge wannan abu kafin fareti, ba sau ɗaya ba, kuma hannunsa ya bar shaida. Na ajiye shi na ɗauko wani da aka haɗo mini cikin tarkacen da na saya a dunƙule. Da ido kawai kusan tagwaye ne. A ƙarƙashin gilashi kuwa bayansa cike yake da 'yan ramuka kamar an tsattsaga shi da tsinin allura, haruffan sun yi kumburi babu kaifi, ga sawun magagari a gefe inda aka kankare ragowar zubi. An kwafi na asali ne a cikin ƙasa ko roba, aka narka ƙarfe aka zuba. Baƙin da ke jikinsa kuma bai ɗaya ne daga sama har ƙasa, alamar ruwan magani aka tsoma shi don ya yi kamar ya tsufa.

Fararen fitilun suna taimakawa ƙwarai a nan, musamman wajen duba inda aka liƙa 'yan kunnuwan da ake zura fil a ciki, ko dogon harshen da ake soka wa a hula. Tsohuwar walda tana da tsabta, launinta ya saje da na ƙarfen. Idan ka ga dunƙulen dalma mai toka-toka, ko gam ya tsattsafo, to ko dai gyara aka yi daga baya ko kuma abin bai taɓa hawa hula ba. Haka nan a bajon da aka haɗa ƙarfe biyu, fari a kan tagulla, sau da yawa akan sami 'yan hudoji a baya da aka bari saboda walda. Madubin yana nuna ko hudar ta tafi har ciki ko zana ta kawai aka yi.

Sai dai a yi hattara, zubi ba kullum yake nufin jabu ba. Sojojin Birtaniya da suka zauna a Indiya da Masar sun sa bajojin da maƙeran can suka zuba musu, kuma yau ana nemansu ruwa a jallo. Bajon hafsoshi ma da yawa bayansu a shafe yake. Sunan kamfani a baya, irin su J.R. Gaunt ko Firmin, shi ma ba hujja ba ce ita kaɗai, domin masu jabu sun iya buga shi. A nan ne kaifin gilashin ke da rana: kana iya gwada tsayin haruffan da tazararsu da na wani bajo da ka tabbatar da shi.

Yanzu ga inda muka saɓa da masu wannan kaya, wato fitilar UV.

Dalilin da ya sa masu tara kaki ke son irin wannan haske sananne ne. Tun daga shekarun 1950 masana'antu suka rungumi wani sinadari da ke sa farin zare da takarda su ƙara haske, ana kuma zuba shi a sabulun wanki na gari. A ƙarƙashin UV sinadarin yana walƙiya fari-shuɗi. Tsohon ulu da audugar da ba a taɓa wa sinadarin ba kuwa shiru suke yi, ba sa amsawa. Saboda haka idan aka ce maka tambarin kafaɗa na Yaƙin Duniya na Biyu ne, ka haska bayansa farin zaren ya ɗau wuta, sai ka ja da baya. Da irin wannan sinadari a jikin takarda, tare da zaren zamani a ɗinkin, aka gano cewa littattafan tarihin rayuwar da aka jingina wa Hitler a 1983 ƙirƙira ce.

Amma hasken UV iri-iri ne. Wanda ake so a wannan aiki shi ne mai tsawon zango nanomita 365 (ma'aunin da ake bambance nau'in haske da shi ke nan), wanda da ƙyar ido ke ganinsa, sai dai abin da ya haska ya yi magana. Na jikin wannan madubi kuwa irin mai arahar nan ne na wajen 395, mai feso shunayya ƙarara. Ba a rubuta adadin a kwali ba, ba a rubuta a talla ba, amma kana kunna shi kusa da tocila ta 365 za ka ga bambancin. Komai ya taɓa sai ya koma shunayya: farin zaren da ke da sinadari da wanda ba shi da shi duk suna mayar da haske, sai ka rasa wanne ne walƙiya wanne ne ƙyalli kawai. Na gwada shi a kan igiyar saje ta sojan Amurka, mai ɗinkin zare a kan ulu, wadda tocilar kirki ta nuna ba ta da komai. A ƙarƙashin wannan sai ga bakinta yana sheƙi kamar sabuwa. Wanda bai da abin gwadawa zai iya mayar wa mai ita da kayansa, ya kuma zarge shi da abin da bai yi ba. Ga shi ƙwayar ɗaya ce tak, a gefe guda, kuma ba ta da ƙarfi, dole sai ka kashe fitilar ɗaki ka kusan manna gilashin a jikin yadin. Don duba rigar kaki sukutum, ko neman inda aka yi wa hula faci, sam ba ta kai ba.

Ko da fitilar ta kirki ce, abin da tallar ta ɓoye shi ne UV ba ya cewa abu na asali ne. Rigar da aka ɗinka a 1943, idan jikokin mai ita suka wanke ta da sabulun zamani, za ta yi walƙiya daga wuya har ƙasa, kuma ba ta daina zama ta 1943 ba. Mai jabun da ya san aikinsa kuma yana neman tsohon zare da tsohon yadi, kayansa su yi tsit a ƙarƙashin hasken. Abin da hasken ke yi shi ne ya nuna maka wurin da za ka ƙara dubawa. Walƙiyar wanki takan bazu dabbare-dabbare a ko'ina, ta sabon zare kuwa tana bin layin ɗinki ɗaya bayan ɗaya. A nan ma gilashin ne ke raba gardama.

Wuri ɗaya da fitilar ta yi abin kirki shi ne a kan jar tauraruwar hular sojan Tarayyar Sobiyet. Tsofaffin na tagulla ne da jan gilashi da aka narka a kai, na baya-bayan nan kuma alminiyon ne da fenti. Ina da ɗaya mai gilashi wadda reshe ɗaya ya ɗan fi sauran duhu. Da na haska, wannan reshen kaɗai ya canza launi, gilashin madubi kuma ya nuna 'yan kumfa da bakin gam inda aka cike wurin da ya fashe. Gyara ne mai kyau, amma gyara ne, kuma ya kamata duk wanda zai karɓe ta daga hannuna ya sani.

Akwai kuma tarin abubuwan da babu madubin da zai gaya maka, sai karatu. Kambin da ke saman bajon Birtaniya yana ba da zamani: daga 1902 zuwa 1953 kambi ne mai zagayayyen sama, bayan hawan Sarauniya Elizabeth ta Biyu aka koma mai lotsawa a tsakiya. Sarki Charles na Uku kuma ya dawo da irin na farkon a 2022, don haka yanzu kambi kaɗai bai isa ba, sai ka duba ƙarfen. Bajon alminiyon mai ƙyalli da ba ya son guga ya fara shigowa a shekarun 1950. Na roba kuwa, wanda sabon shiga zai ɗauka abin wasan yara ne, na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, sa'ad da ake tattalin tagulla don harsashi. Tambarin kafaɗar sojan Amurka mai kaurin ɗinki a kewaye bai zama ruwan dare ba sai ƙarshen shekarun 1960, na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bakinsu a yanke yake. A ɓangaren 'yan sanda, sunan runduna ma kalanda ne: rundunar birnin Birmingham ta narke cikin ta West Midlands a 1974, saboda haka farantin hularta mai kambin Sarauniya bai fita tsakanin 1953 da 1974 ba. Igiyar sajen Birtaniya tsininta ƙasa yake kallo, ta sojan ƙasa na Amurka kuma sama tun 1902. A Amurka ganyen zinariya na manjo ne, na azurfa kuwa na laftanar-kanar, wanda ya fi shi girma. Wanda bai san waɗannan ba, ko gilashinsa ya kai sau ɗari, zai sayi abin da tarihi bai taɓa haifa ba yana murna.

Ƙananan koke-koke: batura uku yake ci, irin 'yan mitsi-mitsin na agogo, kuma fararen fitilun suna shanye su da wuri. Maɓallin guda ɗaya ne mai zamewa, hagu fari, dama UV, tsakiya a kashe, kuma yana da saurin gocewa a aljihu, sai ka buɗe ka tarar ya ƙone batur a banza. Nakan cire su in ba aiki zan yi ba. Ƙusar da gilashin ke juyawa a kai takan saki, sai an riƙa ɗaure ta. Babu kuma ko layi ɗaya na gargaɗi a kwalin cewa kada a kalli ƙwayar UV kai tsaye, alhali abu ne da ake kaiwa dab da ido. Wannan sakaci ne, kuma ya fi duk sauran ɓata mini rai.

Ga wanda yake tara bajon ƙarfe, anini, maɓallan kaki da farantin hular 'yan sanda, ina ba da shawarar a saye shi saboda gilashin da fararen fitilun, zai yi muku aiki shekaru. Wanda kuma hankalinsa ya fi karkata ga yadi, wato igiya, tambarin kafaɗa, huluna da riguna, ya nemi tocilar 365 daban, mai baƙin gilashin tacewa a baki, da tabarau mai tare UV, ya bar maɓallin wannan madubi a ɓangaren fari.