Ma'ajiyar bugun zuciya a tsibirin Teshima: ta cancanci wahalar zuwa?

A gaɓar Karato da ke tsibirin Teshima na ƙasar Japan akwai wani ɗan ginin katako baƙi mai fuskantar teku, sunansa Les Archives du Cœur, wato ma'ajiyar zuciya da Faransanci. Aikin Christian Boltanski ne, mai fasaha ɗan Faransa, kuma an buɗe shi a 2010. Babu zane ko sassaƙa a ciki, sai bugun zuciyar dubban mutane da aka naɗa aka adana. Wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, shi kansa mai aikin ya rasu a 2021.

Ɗaki uku ne, na zuciya da na naɗa da na saurare, amma ɗakin zuciya shi ne ƙashin bayan wurin. Dogo ne, duhu ƙirin, da baƙaƙen madubai a bango da ƙwan lantarki ɗaya tal a rataye. Lasifika na sakin bugun zuciyar wani da ƙarfin da har a ƙirjinka kake jinsa, ƙwan kuma yana kawowa yana ɗaukewa daidai da bugun. Ba ka san ko mai zuciyar attajiri ne ko talaka ba, yana raye ko ya mutu. Wanda ya leƙa ya fita da sauri ya yi asara, gara a tsaya har ido ya saba da duhun. Ƙananan yara kan firgita, a riƙe hannunsu.

Naɗar bugun zuciyarka kuɗinta daban ne da na shiga. Za a ba ka abin sauraren ƙirji irin na likita da ke haɗe da kwamfuta. A nan ake yawan yin kuskure: in ka ɗora shi a kan riga mai kauri, ko hannunka na motsi, ko kana magana, ƙarar gogayya ce za ta danne bugun. Ɗora shi ɗan hagu da tsakiyar ƙirji, ka sassauta numfashi. In da keke ka zo, huta tukuna, don tudun Teshima na sa zuciya gudu. A faifan CD ake ba ka naka, abin da ya ɗan tsufa a yau.

Ɗakin saurare bai kai sauran armashi ba: kwamfutoci ne da na'urar sawa a kunne, sai dai tagar na kallon teku.

Jirgin ruwa na tasowa daga Uno ko Takamatsu, kuma ba ya yawan zirga-zirga, don haka a duba lokacin na ƙarshe tun da safe. Ranar Talata galibi a rufe wurin yake.