Shagon sola a kasuwar Marwa: faranti ya yi, batir ya ba ni kunya

Sana'ata ƙanƙara da folere, wato zoɓo, a nan Domayo. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Marwa, lokacin da ake haura digiri 40, ya san in aka ɗauke wuta jarina ne ke narkewa. Wutarmu ta arewacin Kamaru tun 1982 ta dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa sai ya ji a jikinsa.

Shekara biyu ke nan da na sayi farantin sola huɗu da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, da batir biyu masu ruwa a wani shago cikin babbar kasuwa. Yaron da ya ɗora min su ya iya aiki, ko waya ɗaya bai bari tana lilo ba. Shi ya koya min goge faranti da sassafe kafin ya ɗau zafi. Da hunturu har sunana nake rubutawa da yatsa a kan ƙurar, ina gogewa sai in ga lambar inbata ta tashi.

Batir kuwa, wata 18 ya yi ya fara mutuwa tun kafin asuba. Na koma shagon.

"Hajiya, ai zafi ne ke cinye mai ruwa. Da batirin litiyom kika ɗauka."

"To Alhaji, me ya hana ka faɗa min ranar da nake ƙirga maka kuɗi?"

Sai murmushi. Wannan ce kaɗai ƙullata da shi, amma ba ƙarama ba ce.

Gaskiyarsa dai, can abin ya dosa. Faranti ya riga ya yi araha, farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma yana kai shekara 20 yana aiki. Yanzu kokawar ta koma kan ajiyar wutar dare. Ko manyan tashoshin sola na Marwa da na garin Gidar da aka ƙaddamar a 2023, da batura aka haɗa su. Litiyom ma farashinsa sauka yake, sai dai bai sauko inda hannuna zai kai ba tukuna.

In za ki saya a wurinsa, tambayi ko inbatar na karɓar litiyom. Tawa Allah ya sa tana karɓa. Na shiga adashi. Kafin kwasata ta zo, ƙarfe biyun dare nake kashe firiza in lulluɓe ta da bargo.