Horon haɗa taki da sharar kicin: duro ya yi, amma an manta da hunturu

Wani ƙaramin kamfani na bin rukunin gidaje a Kano yana koya wa mazauna mayar da sharar kicin taki. Mun duba darasin da kayan aikin, kuma a gaskiya tushen koyarwar daidai yake.

Duron roba mai lita 200 suke amfani da shi, a huda gefe da gindi, a ɗora shi kan bulo. Ana fara shimfiɗa ƙananan karare a ƙasa domin iska ta samu hanya. Daga nan duk kwano ɗaya na ɗanyen abu, wato ɓawon doya, dankali, ayaba da ruɓaɓɓen tumatir, sai a rufe shi da kwano biyu zuwa uku na busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa. A juya duk mako. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Sun kyauta da suka tsaya kan wari, domin shi ke haɗa maƙwabta faɗa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga: a ƙara busasshen abu, a juya. Nama, ƙashi da miya mai manja kuwa gayyatar ɓeraye ce. Ledar fiya wata ba ta ruɓewa, a tsince ta tun a kicin.

Inda suka yi sake shi ne yanayi. Daga Disamba zuwa Afrilu duro kan bushe ƙamas, ruɓewa ta tsaya, tururuwa ta tare. Dole a riƙa yayyafa ruwa har idan an damƙa a ji danshi amma kada ya ɗiga, a kuma ajiye duron a inuwa. A Agusta murfi ake buƙata. Toka ma ba su ja kunne a kanta ba, alhali yawanta yana korar naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata daga taki.

Sai batun tuwo. Gidan Bakano ba ya zubar da shi, ana shanyawa a ba awaki ko kaji. Wannan ya fi jefa shi a duro riba, kuma ya kamata darasin ya faɗi haka.