Keken doki a kan titi da na kan layin dogo

Kafin wutar lantarki ta shigo harkar sufuri, doki ne ke ɗaukar jama'a a manyan birane, kuma ta hanya biyu.

Ta farko ita ce omnibus, babban keken doki da ya fara aiki a Paris a 1828, sannan Landan a 1829. Ba ya bukatar komai sai titi, don haka direba na iya sauya hanya idan ya tarar da cunkoso. Amma titunan lokacin na duwatsu ne, ƙafafun katako suna ta kwaramniya, fasinja na girgiza har ya sauka da ciwon baya. In an yi ruwa kuwa, sai ya kafe a taɓo.

Ta biyu ita ce tarago a kan dogo, wanda New York ta fara a 1832, John Stephenson ne ya ƙera shi. Nan ne ni na fi karkata. Ƙarfe a kan ƙarfe sulɓi gare shi, shi ya sa dawaki biyu ke jan mutane da yawa fiye da na omnibus, cikin sauri, kuɗin hawa kuma ya sauko har ma'aikaci ya iya zama nesa da wurin aikinsa. Matsalarsa tsadar shimfiɗa dogo, kuma idan amalanke ta lalace a gabansa, sai jira.

Dawakin dai sun sha wuya a duka biyun. Da murar dawaki ta ɓarke a Amurka a 1872, zirga-zirga ta tsaya cik a birane da dama.