Na'urar awon tansiyo ta damtse: ta ci kuɗinta, amma a duba ɗamararta

Wadda ake ɗaurawa a damtse na saya wa Inna, a wani farmasi kusa da babbar kasuwar Tawa, jaka ashirin da biyar. Akwai ta wuyan hannu mai araha, sai dai likitan da ke duba Inna ya ce in rabu da ita, don da zarar hannu ya sauka ƙasa da saitin zuciya sai lambar ta canza.

Aikinta ba wuya. Ka ɗaura, ka danna maɓalli ɗaya, ɗamarar ta kumbura ta matse jijiya har jini ya tsaya, sannan ta riƙa saki a hankali. Lambobi uku take fiddawa, manya-manya, har Inna da idonta ya yi rauni tana ganinsu. Ta sama ƙarfin jini ce a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi cikin jijiyoyi, ta tsakiya kuma lokacin da ta saki tana sake cika. Ta ƙasa bugun zuciya ne a minti, wanda ga babban mutum da ke zaune yake tsakanin 60 da 100. Kada wanda ya saba jin "sha huɗu da tara" a bakin likita ya firgita in ya ga 140 da 90. Duk abu guda ne, kuma daga nan ake fara maganar hawan jini.

Ba ta son gaggawa. In Inna ta taso daga tsakar gida da goro a baki, lambar sai ta haura. Sai ta zauna minti biyar, baya a jingine, hannu bisa tebur, ba hira (wannan ne mai wuyar, ga wanda ya san Inna). Mun kai na'urar wurin likita an gwada ta da tasu, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Pil huɗu take ci, ba ruwanta da ɗaukewar kuran.

Inda na ga kasawarta ɗamarar ce. Ta damtse mai kauri santimita 22 zuwa 32 ce kawai. Ƙanwar Inna, mace mai jiki, da ƙyar ta rufu mata, kuma ɗamara in ta yi kaɗan lamba takan fito sama da gaskiya. Mai saye ya auna damtsen da zaren tela tun daga gida, don babbar ɗamara daban ake sayar da ita, kuma a farmasin sun ce sai an aiko da ita daga Yamai.