Fitilar taurari mai zaren haske: ta dace da ƙarƙashin rumfa, jikin bango kuwa sai da shiri

Fitilar taurari ado ce da ake dasa kawunan zaren haske a silin ko bango, injin ya tura haske ta cikin zaren su fito kamar taurari. Saitin da ya fi yawa a kasuwa yana zuwa da injin haske na LED mai wat 16, rimot, da damin zaren roba na PMMA mai kaurin milimita 0.75, wani lokaci a gauraya da na 1.0 da 1.5. A cikin injin akwai faifai mai juyawa da ke sa taurarin ƙyafta ido. Idan an haɗa shi daidai, kyansa ba a magana. Babbar fa'idarsa kuma ita ce zaren ba ya ɗaukar lantarki, haske kawai yake kaiwa, don haka ko ruwan sama ya jiƙa shi babu fargabar wuta ta ja mutum.

Sai dai masu sayarwa ba su cika faɗa ba cewa don silin ɗin ɗaki aka yi shi. Injin yana da fanka da kafofin shan iska, ruwa da ƙurar hunturu kuwa ta nan suke shiga. A ajiye shi cikin gini, inda hannu zai kai. Idan dole ne ya zauna a waje, sai akwati mai lambar IP65, wato mai hana ƙura da ruwa shiga, a inuwa, mai girman da zafi ba zai taru ya kashe LED ɗin ba. A sa masa sitabilaiza.

Zaren shi ne inda aka fi yin asara. Wanda ba shi da riga, wato robar da ke lulluɓe shi, rana da zafi suna cinye shi, ya bushe ya riƙa karyewa, haskensa ya dushe. Robar ba ta jure zafin da ya wuce digiri 70, baƙin alukobon (falankin alminiyom da ake lulluɓe bango da shi) da ranar Afrilu ta buga kuwa yana iya kusantar hakan. Don bango fili a nemi mai baƙar riga, a bi da shi cikin fayif. Kada tsawonsa daga injin ya wuce mita 10, domin na nesa za su fito a dushe, kuma kada a lanƙwasa shi kamar wayar wuta. Duk inda ya yi kwana mai tsini, haske yana zuba a nan.

Wajen dasawa, a huda da bakin injin huda mai milimita 0.8 don zaren 0.75, taurari 60 zuwa 100 a kowace murabba'in mita, a warwatse, ba a jere ba. Gauraya kauri uku shi ke sa wasu su yi kamar suna nesa. A bar santimita 2 ko 3 na kan zaren a waje, a gama fenti, sannan a datse. Kada a kusanci sufa gulu ko kaɗan, yana tsattsaga robar. Silikon mara tsami ya isa, kuma yana toshe hudar daga ruwa. Bakin damin da ke shiga injin a yanke shi da wuƙa mai zafi ya yi sumul, in ba haka ba wasu zaren ba za su sami haske ba.

A ƙarƙashin rumfar shiga gida ko ta ɗakin taro, saitin ya cancanci kuɗinsa, muddin babu fitila mai ƙarfi kusa da za ta haɗiye taurarin. Ga bangon da ke fuskantar titi mai fitilu, wat 16 ya yi kaɗan. A sayi injin wat 45 da zare mai riga daban-daban.