Docker Swarm ko Kubernetes: wanne za ka ɗauka?

Mai kwamfutoci biyar da yake son su yi aiki tamkar guda ɗaya, Docker Swarm zai fi masa sauƙi. Tun 2016 yake cikin Docker kansa, wato manhajar da ke ƙunshe wasu manhajoji da duk abin da suke buƙata domin a gudanar da su a kwamfutoci daban-daban. Umarni ɗaya za ka buga a kwamfutar farko ta zama manaja, ta ba ka lambar sirrin da sauran za su shigo da ita a matsayin ma'aikata. Ka nemi kwafi uku na wata manhaja, ya rarraba su. Kwamfuta ɗaya ta mutu, ya tayar da nata kwafin a wata. Sai dai manajoji su zama uku ko biyar, domin da rinjaye suke yanke hukunci. Cikin uku in biyu suka faɗi, manhajoji na ci gaba da gudu amma ba mai ba da umarni.

Kubernetes kuwa, wanda Google ya fitar a 2014 kuma shi ma aikin haɗa kwamfutoci yake yi, koyonsa sai an dage. Amma wajen rabon iko ya yi wa Swarm nisa. Kana iya ba mutum damar duba manhajojin sashensa kaɗai, ba damar goge su, ba taɓa na wasu. A Swarm duk wanda ya kai ga manaja ya riƙe komai, abin da ba zan yarda da shi ba inda hannuwa suka yi yawa.